Lambunan Kirkissoye da Na Ƙi Gogewa

Yamai, unguwar Zongo

Zuwa ga Yayana Sanusi a Abijan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Safiatou da yara. Allah ya buɗa kasuwa, ya raba ka da ciwon ƙafar nan da ke damunka. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta, ƙanenmu Yusuf kuma ya koma kan kekensa na ɗinki a Babbar Kasuwa.

Yaya, Inna ta faɗa mini saƙonka, cewa in je in ba shugaban aikinmu, Mushe Boubacar, haƙuri ya mayar da ni aiki, tunda abokinka ne, kuma don darajarka ya ɗauke ni. Tun da Baba ya rasu kai ka riƙe mu, kai ka kai ni har jami'a, ban taɓa tsallake maganarka ba. Amma wannan karon ba zan je ba. Shi ka ji daga bakinsa, to ka ji daga nawa.

Ka san furojen namu, wato shirin tallafin da nake wa aiki, takin zamani yake raba wa masu lambun albasa a Kirkissoye, ni kuma aka ba ni aikin auna ko takin yana amfani. Hanyar aunawar ita muke kira regresiyo, kuma ba ta da wuya. Ka ɗauki farar takarda, kowane lambu ka yi masa ɗigo ɗaya. Wanda ya zuba taki da yawa, ɗigonsa ya matsa dama. Wanda ya girbe albasa da yawa, nasa ya hau sama. Sai a ja miƙaƙƙen layi wanda ya fi kusa da ɗigogin baki ɗaya. In layin ya yi sama, to taki da albasa tare suke tafiya, kuma yawan hawansa ne ke nuna abin da ƙarin buhu ɗaya ke kawowa. Da wuya lambu ya zauna daidai a kan layi, sai dai kusa da shi. Wanda ya yi nisa ƙwarai, an koya mana cewa shi ake zuwa a duba.

Layinmu ya hau, Mushe ya yi ta murna. Amma ɗigo goma sha ɗaya sun faɗi can ƙasa: sun zuba taki, ba su samu komai ba. Na hau kabu-kabu na ƙetare gada don in gani da idona. Ashe duk lambunan mata ne, can nesa da bakin kogi, da hannu suke ban ruwa. Wata dattijuwa, Inna Halimatou, ta ja ni cikin nata. Ganyen albasar duk ya ƙone, ya yi ja. Ta ce yadda aka gaya mata haka ta zuba, kuma tun sannan take zargin kanta, tana ganin ita ce ba ta iya ba. Yaya, jikokinta huɗu daga lambun nan suke ci.

Na koma biro, wato ofishinmu, na saka ruwa cikin lissafin, don regresiyo tana ɗaukar sanadi fiye da ɗaya. Nan gaskiya ta fito. Masu motopom, injin ban ruwa, su ne suka fi zuba taki, kuma ruwansu ne ya ɗaga rabin layin da muke yi wa murna. Inda ruwa ya wadata taki yana taimako, inda babu sai ya ƙona shuka.

Na kai wa Mushe, ya duba ya ce in goge ɗigogin nan, a rubuta cewa kuskuren masu zagaya lambuna suna tambaya ne. Ya ce masu ba da tallafi layi mai tsabta suke so, in suka ga rauni za su rufe furojen, dukanmu mu zauna gida. Na ce masa ana goge ɗigo in an yi kuskuren rubutu, amma waɗannan na taka su da ƙafata. Sai ya karɓe aikin ya ba wani, aka goge. Ranar taro, wata baƙuwa daga cikin masu tallafin ta tambayi me ya sa lambunan da ke cikin rapor, wato rahotonmu, ba su kai waɗanda aka ba taki ba. Ta juyo ta dube ni, don har yanzu sunana ne a kan aikin. Sai na tashi na faɗi abin da na gani. Da yamma ya ce in aje mabuɗin biro, wai na kunyata shi a gaban baƙi.

Ban ce mugu ne ba, tsoro ne ya kama shi, kuma na san bakuna da yawa suna ci daga aikin nan. Amma in na je, haƙurin me zan bayar? In na durƙusa, na yarda ke nan cewa matan nan kuskure ne, baɗi a sake ba su takin da zai ƙona musu shuka, su sake zargin kansu. Ba da hannuna ba, Yaya. Masu tallafin sun nemi a aika musu bayanan lambunan duka, ban san abin da za su yanke ba. Ni dai yanzu ina koya wa ƴan lise, ɗaliban sakandare, lissafi a zauren gidanmu, ba mu kwana da yunwa.

In za ka kira shi, ka ce ina gaishe shi da girmamawa. Ranar da ya mayar da lambunan nan cikin rapor, zan riga kowa zuwa biro. In bai mayar ba, ya riƙe mabuɗinsa. Ka yi fushi da ni in ka ga dama, zan jure, amma kada ka sake aiko Inna da wannan magana, don kuka take yi in ta faɗa.

Ka gaishe mini da Anti Safiatou, da Buba, da ƴar auta Mariyam. Inna da Yusuf suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka da ba ta daina jin maganarka ba, ban da wannan,
Rahina