Takarda ta ce ni mai sanyi ce, Zara'u kuwa ta san gaskiya

Gwaggo Rahila,

Don Allah ki taimake ni kafin Lahadi, domin in ta wuce a haka ban san da wane ido zan ƙara kallon matan majami'armu ba. Sau uku ina fara wasiƙar nan a bayan kaye, littafin rubutun ɗalibaina, ina yagewa.

Ni metres ce, wato malama, a wata lakwal ta ƙananan yara a nan Tasawa. Shekarata tara da aure, ƴaƴa uku, gida ɗaya muke da uwar mijina. Majami'armu ƙarama ce, in mun cika har da yara ba mu kai sittin ba, kowa ya san miyar da aka kaɗa a gidan kowa.

Watan jiya Fasto Garba ya gayyato wata baiwar Allah daga Maradi ta yi wa zumuntar mata formasiyo, wato horo na kwana biyu, a kan halayen mutane. Ta ce kashi huɗu ne: mai fara'a da surutu, mai zafi da son jan gaba, mai zurfin ciki, da mai sanyi mai son zaman lafiya. Ta ce wanda ya san nasa zai gane ƙofar da jaraba ke shigo masa, ya kuma gane baiwar da zai yi wa Ubangiji hidima da ita. Maganar ta shige ni ƙwarai, sai da na cika shafi shida da rubutu.

Rana ta biyu ta raba takardu masu tambaya arba'in, duk da Faransanci. Mu goma sha huɗu ne, uku kaɗai ke karanta shi, sai aka ce ni metres in riƙa karantawa ina fassarawa, kowacce ta ba da amsarta a fili a sa mata alama. Muna kan tabarma a gindin dogon yaro, uwar mijina na dama da ni, gwiwarta na taɓa tawa. Gwaggo, wace ɗiya mai tarbiyya za ta buɗe baki gaban surukarta ta ce i, ina son in ba da umurni a bi? Wa za ta ce i, ina saurin fushi, kuma ba na barin gardama sai na ga ƙarshenta? Ni da ko sunanta ban taɓa kamawa ba, ko hura ba na sha a gabanta. Duk tambayar da ta zo da zafi na sunkuyar da kai na ce a'a, duk wadda ta zo da haƙuri na ce i. Da aka haɗa, sai aka ce ni filegmatik ce, wato mai sanyi, kuma makina ya fi na kowa. Mu goma sha ɗaya muka fito masu sanyi, har baƙuwa tana cewa ba ta taɓa ganin zumunta mai albarka irin tamu ba. Da aka karanta nawa, Inna, uwar mijin nawa, ta dube ni ta yi murmushi, ta yi ɗan tari, ta gyara ɗankwali. Murmushin nan shi ke cin raina har yau, tsohuwa tana alfahari da ni a kan ƙarya.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Shugabar zumuntarmu an yi wa mijinta canjin aiki zuwa Mayahi, mata suka zaɓe ni in maye gurbinta. Fasto ya ce ai ga takarda ma ta tabbatar, domin babban aikin shugaba shi ne sulhunta mata in sun saɓa. Lahadin nan za a ɗora mini hannu a yi addu'a.

Da na ji haka sai na ɗauki ragowar takarda na cika ni kaɗai a aji lokacin hutu, na faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Kolerik na fito, mai zafi, talatin da ɗaya cikin arba'in. A ƙasa an jera raunin irinmu: taurin zuciya, danne mutane, wuyar yafiya. Kai ka ce wanda ya rubuta a gidanmu ya girma.

Ga shaida kuwa a bayan darnina. Maƙwabciyata Zara'u Musulma ce, amma ƴar'uwa ma iyaka ke nan. Ita ta riƙe ni ranar haihuwata ta biyu, naman Sallarta ba ya wuce ni, shinkafar Nowel ɗina, wato Kirsimeti, ba ta wuce ta. Wata uku da suka wuce akuyarta ta ɓarke darni ta cinye zogala goma sha biyu da na yi ranin nan ina shayarwa. Na fita waje ina kumfar baki, ga baƙin mijinta zaune a ƙofar gida, na ce gidan da ba a iya ɗaure akuya ba, ba abin mamaki ba ne in ba a iya tarbiyyar ƴaƴa ba. Ni na faɗi wannan, da bakina da nake waƙar yabo da shi. Sau biyu ta zo ta yi sallama, na yi kamar ina gyaran kaye ban ji ba. Yanzu ta daina zuwa. Abin kunyar ma, zogalar ta sake toho, ta fi da ganye.

Kuma ba yau na fara ba. Daminar bara a ƙauyen Kona wata ƴar'uwarmu Talatu ta kwana biyu tana naƙuda, maza suna zaune suna shawara ko a jira gobe. Na daka musu tsawa, sa'o'in babana fa, na sa aka ɗauro amalanke, a bakin hanya na tsaya gaban mota sai da direba ya ɗauke mu zuwa likita. Ta tsira ita da jaririn, amma har yanzu in na tuna yadda na ɗaga wa dattawa murya sai in ji kamar in nutse.

Sau biyu ke nan ina ƙin karɓar jibin Ubangiji. In na tona, za a ce metres ta yi ƙarya a taron ibada, in zubar da mutuncin Inna da na mijina. In na yi shiru, za a ɗora hannu a kan matar da babu ita. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne, in haka aka halicce ni, ashe shekarun da na yi ina roƙon tawali'u a banza ne? Mai zafi tana girma cikin Ruhu kuwa, ko sai dai ta iya ɓoyewa?

Taki cikin damuwa,
Wata metres, Tasawa

*

Ɗiyata metres,

Ki sha ruwa ki zauna. Matsalarki ta fi ƙanƙanta a inda kike tsoro, ta kuma fi girma a inda kika ajiye ta a tsakiyar wasiƙa.

Takardar farko ba halinku ta auna ba, kunyarku ta auna. Mata goma sha ɗaya masu sanyi a zumunta guda? Na yi shekara talatin cikin zumuntar mata, ban taɓa cin karo da wannan mu'ujizar ba. Irin waɗannan tambayoyi ba a yi su don a amsa a fili gaban suruka ba, kuma ya kamata baƙuwarku ta lura. Duk da haka ba zan wanke ki tas ba. Kin ce a'a inda kika san i ne, yanzu kuma ana shirin kafa aiki a kan wannan amsar. Dole a gyara.

Amma wa kike tsammani kin ruɗa? Surukar da ta yi shekara tara tana jin muryarki ta bango? Ban kasance a wurin ba, sai dai ni ma suruka ce, na san irin tarin nan. Dariya Inna ta haɗiye, ta rufa miki asiri. Matan da suka zaɓe ki kuma sun san labarin Kona tun kafin a kawo takarda. Ina kyautata zaton saboda shi ma suka zaɓe ki.

Kashi huɗun nan dabarar mutane ce, ba Maganar Allah ba. Tana da amfani in ta nuna miki inda za ki yi tsaro, tana cutarwa in kika ɗauke ta hukunci. Ko cikin manzannin Ubangiji akwai mai saurin baki, akwai mai yawan shakka, bai narkar da su ya zuba a tukunya ɗaya ba. Girmanki ba shi ne ki koma mai sanyi ba. Zafin da ya kai Talatu likita shi ne ya ƙona Zara'u. Ranar farko don ran wata kika yi shi, rana ta biyu don kanki. Duk sa'ad da kika ji ya taso, ki tambayi kanki don wa kike shirin buɗe baki. In don kanki ne, ki shiga ɗaki tukuna. Ki daina roƙon a cire miki shi, ki roƙi Ruhu ya riƙe linzaminsa.

Yanzu ga aiki. Kafin Lahadi ki sami Fasto Garba da takardun biyu, ki gaya masa yadda aka yi, ki kuma ba shi shawara sauran mata su sake cikewa kowacce a keɓe. In ya ce a jinkirta ɗora hannun, ki karɓa ba gardama, wannan ma darasi ne ga irinki. In ya ce a ci gaba, ki durƙusa da zuciya ɗaya.

Sai dai kada ki taka gidan Fasto sai kin fara taka na Zara'u. Wadda za ta sulhunta mata goma sha uku ba za ta kasa gaida ta bayan darninta ba. Gaskiya ne akuya ɗaurewa ake yi, ita ma da nata laifin, amma wannan maganar wata rana ce, kada ki ko ambace ta. A gaban mutane kika ci mutuncinta, don haka ki shiga ta ƙofar gida da rana, mijinta na nan, ki ce abin da kika faɗa a kan ƴaƴanta ƙarya ne, ki roƙi gafara. In ta kau da kai, ki koma washegari. Sau biyu ta yi miki sallama kika yi shiru, kada ki ji ciwo in ta rama ɗaya.

Kuma kada ki je hannu biyu. Ki tsinko zogalar nan da ta toho, ki kwaɗa ta da ƙuli mai yawa, ki kai mata a kwanonki mai kyau. Daga can sai ki tafi ki karɓi jibinki.

Ubangiji ya tafi tare da ke, ya sanyaya zuciyar Zara'u, ya kuma bar mana ke da zafinki. Ki gaida Inna, ki ce wata suruka ta ji tarinta.

Gwaggo Rahila