Azumi Goma na Jawaya

Stellenbosch, 20 ga Shawwal, 1242

Zuwa ga yayata Salega a birnin Kap. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Yaya, ba lafiya ba.

Tsohon Baturen da ya mallaki matata Mina da 'yarmu Jawaya ya mutu. Magadansa za su yi gwanjon gonar da duk mai numfashi a cikinta ranar sha tara ga watan gobe. Ni bawan wani gida ne, auren da liman ya ɗaura mana kuwa kin san ba aure ba ne a wurinsu, don haka ba ni da ta cewa. Wani mai tumaki daga can Graaff-Reinet ya zo ya buɗe bakin Jawaya ya duba haƙoranta. Ya ce ita kaɗai yake so, uwar kuwa tarinta ya yi yawa.

Dokar da majalisar gwamna ta yi bara ta hana a raba uwa da ɗan da bai cika shekara goma ba. Tsohon bai taɓa rubuta ranar haihuwar Jawaya ba. Ke kika karɓi haihuwar, ke za a kira gaban Baturen da ke sauraron ƙarar bayi. Ki ce tara. Kalma ɗaya ce, Yaya.

Ƙaninki, Samodien

*

Kap, 24 ga Shawwal

Da sunan Allah Mai rahama. Zuwa ga ƙanena Samodien, wa'alaika salam. Ina gaishe ka, ina gaida Mina da jiki, ina shafa kan Jawaya.

Na karanta takardarka a tsaye, sannan na buɗe littafin da nake rubuta haihuwa tun ranar da na sami 'yanci. Ga shi da hannuna: Jawaya, sha biyu ga Ramadan, 1232. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da carbi ko zai fito daban. Azumin da muka sauke kwanan nan shi ne na gomanta.

Ɗan'uwana, ba tambayata kawai za su yi ba, Alƙur'ani za su ɗora mini a hannu. Da wuta suka ce in dafa, da na dafa. Zan roƙi Baturen mai sauraron ƙarar, zan gaya masa yarinyar ce ke dafa wa uwarta magani. Abin da ba zan iya ba, kada ka sa ni.

Na ba mai amalanken kifi busasshen kifi da mayafi ya kawo wa Mina. Allah Ya kawo mafita.

Yayarka, Salega

*

Stellenbosch, 3 ga Zulƙida

Salega, salam.

Babban ɗan mamacin ya dawo daga Kap yana dariya. Ya ce bai taɓa samun shaida mai kyau irin taki ba, ko tambaya ta biyu ba a yi miki ba kika ce goma. An raba sunayensu a takardar gwanjo. Mina tana tsakanin karusa da garma, Jawaya tana ƙasa, ita kaɗai.

Mina ta mayar da mayafin. Ta ce in gaya miki ki ajiye, kya shimfiɗa a aljannar da kika saya da 'yarta. Jawaya ba ta san komai ba tukuna, jiya ma tambayata take yaushe Gwaggo za ta zo ta ƙara mata karatu.

Ni gangunan giya nake ɗaurewa, ban kai ki sani ba. Amma hannun da ya fara ɗaukarta shi ya miƙa ta. Kada ki ƙara aiko da kifi.

Samodien

*

Kap, 11 ga Zulƙida

Da sunan Allah Mai rahama. Ƙanena, salam a gare ka ko ba ka amsa ba. Maganar Mina ta same ni, ban kuma ga laifinta ba. Ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yaga.

Ranar Litinin muna wanki a rafin gindin dutse, ruwan saman farko na hunturun ƙasar nan ya sauko, yatsuna suka ƙage. Na ce wa Iya Rachmat, tsohuwar da muke wanki tare, rabona da irin wannan sanyi tun ranar haihuwar Jawaya, da sai da na gasa hannu a garwashi kafin in taɓa ta. Ta tambaye ni wane wata ne, na ce azumi. Ta ajiye sabulu ta dube ni.

“Ke dai malamar nan, izu sittin a ka, amma kin manta azumi tafiya yake? Na bana ai ana gama tsinkar inabi, da sauran zafi, muka yi shi. Wa ya gasa hannu?”

Na bar kayan mutane a kan dutse na tafi wurin liman. Ya aro kalandar wani tsohon magatakarda, suka jera watanninmu da nasu. Shekararsu ta fi tamu da kwana goma da 'yan kai. A shekara goma, kwana ɗari da takwas ke nan. A lissafinsu an haife ta ashirin da shida ga Yuli, ga shi yanzu Yuni aka shiga. Ban yi ƙarya ba, amma na yi kuskure: na auna dokarsu da mudunmu.

Na koma wurin Baturen. Kwana biyu ina zaune a dakalinsa kafin a shigar da ni. Ɗan mamacin yana nan, ya ce tsohuwa ta sha matsi a gida ta zo canza baki. Baturen ya ce, ta bakin tafinta, na rantse goma, yau na zo da tara, wace rantsuwar ce ta ƙarya? Na ce:

“Ranka ya daɗe, babu. Ta yi azumi goma a duniya, ba ta yi hunturu goma ba. Ku da kuka rubuta dokar, da wane wata kuka rubuta ta?”

Ya karɓi littafina da kalandar, ya ce zai aika wa mai gwanjo da hukuncinsa. Ban san me zai rubuta ba, ba kuma zan ce maka na sani ba. Ka tsaya kusa ranar Alhamis ɗin gwanjon. Ka roƙar mini gafarar Mina.

Yayarka, Salega

*

Stellenbosch, 20 ga Zulƙida

Yaya, wa'alaiki salam.

Jiya mai gwanjo ya kira sunayensu a haɗe. Mai tumaki ya tofar da yawu ya hau dokinsa. Wata gwauruwa daga Paarl ta saye su tare, tafiyar yini ɗaya daga nan. Mina ta ce ki aiko da mayafin, can ma akwai sanyi.

Gwauruwar ta tambayi mai gwanjo ranar da yarinyar za ta cika goma, ta rubuta. Ban san dalili ba. Saura kwana arba'in da ɗaya ta cika goman a lissafinsu.

Ki koya mini watanninsu, Yaya.

Ƙaninki, Samodien