Na Sha Gaban Tsohuwa, Inna

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙasar Faransa. Na san babu gidan wayar da ke kai takarda inda kike, ko da kina raye ma sai an nemo mai karanta miki. Duk da haka sai na ba ki labarin nan, don ke kika jawo mini shi.

Ke kika hore ni cewa yaro ba ya shan gaban babba a hanya. Kin tuna ranar kasuwar Konni da na wuce Baba Tanko da sauri, kika murɗe mini kunne har tasha? To, Inna, garin nan cike yake da tsofaffi, kuma da safe suke fitowa sayen burodi. Hanyar masu ƙafa a gefen kwalta siririya ce, da ƙyar take ɗaukar mutum biyu. Kullum in na fito zuwa asibitin da nake koyon aikin ungozoma, sai in tarar da wata tsohuwa mai sanda a gabana, tana takawa kamar mai shuka wake. Jama'a na ratse ta fuu, ni kuwa ina biye da ita, ƙafata ta ƙi wucewa. Sau huɗu ina makara. Shugabar sashenmu ta ce in na ƙara, za ta rubuta Yamai wurin waɗanda suka turo ni, a mayar da ni gida hannu rabbana. Ina zan sa kaina a garinmu Illela?

Ashe ita ma tsohuwar a tsorace take, ta ɗauka jakarta nake fako! Ranar Litinin ta juyo ta daka mini tsawa, sanda a sama. Na durƙusa nan bisa hanya yadda kika koya mini, na yi mata bayani da faransancina na lakwal, irin na ƴan makaranta. Ta yi dariya har sai da ta jingina da bango. Ta ce a garinsu mai bin ka a baya shi ne abin tsoro, wanda ya wuce ka ya shafa maka lafiya. Sannan ta kora ni gaba da sandarta kamar akuya. Inna, na wuce, kunnena na zafi! Ran nan na riga shugabar isa.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Daminarki ta ƙarshe, da ƙafafunki suka kumbura, in muna dawowa daga gona ina bayanki ina ta ƙunƙuni a zuci, wai yaushe za mu kai. Da na san ita ce ta ƙarshe, me zai sa in so mu kai? Ki yafe mini.

Yaya Sani ya rubuto. Gero ya yi kyau bana, ya sayi amalanken jaki yana ɗauko albasa daga Tsarnawa. Matarsa Hadiza tana da ciki, ta rantse ba mai karɓar haihuwar nan sai ni.

Kuma ni ɗin ce zan karɓa, in Allah ya yarda. Jiya aka ba ni takardar shaida, na ci, Inna! Na rungume ta na yi kuka, na yi guɗa a cikin buro, nan tsakiyar ofishin mutane, Turawa suna ta kallona. Ƴarki ta zama ungozoma.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu a Aljanna. Ki huta lafiya.

Taki har abada,
Rabi, autarki