Hajiya, Ba Zan Ajiye Zarton Ba

Assalamu alaiki, Hajiya.

Na san ba za ki karanta wannan ba, amma wa zan kai wa ƙarar 'ya'yanki in ba ke ba?

Labarin gida: gero ya yi kyau bana a Belbeji, akuyarki ta haifi biyu. Ni kuma na yanke a babban yatsa da ɗan injin zarton nan da nake yanka ado da shi a jikin katako. Ɗinki kawai likita ya yi, ya sallame ni. Amma kin san 'yarki Hadiza. Ta kwashe siraran zartunan ta ɓoye, ta buga wa yayanta Mamman waya. Sai ga shi da mota daga Damagaram, wai in tattara in bi shi, idona ya yi rauni, injin kuma a bai wa kafinta. Har da cewa wai wasan yara ne, bai dace da dattijon da ya koyar a lakwal, makarantar boko, ba.

Wasan yara, Hajiya! Da kina nan, da zai iya faɗin haka a tsakar gidanki?

Na ce masa ya sha ruwa ya huta, ya gaida iyali. Motar ta koma ba ni a ciki. Na aika wa wani direba, ya kawo mini sababbin zartuna. Da yatsan a naɗe na kunna injin da hantsi, na bar ƙofa a buɗe don kowa ya ji.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Mutane suna yaba raƙuma da furannin da nake yankawa, amma ni layi kawai nake bi. Gwanintar taki ce. Ke ce kike mitar garin katako ya faɗa miki a fura, sannan ki karɓi fensir ki zana mini irin zanen lallenki a kan falanki. In ina bin layin da kika ja, a lanƙwasa nan, a juya can, ji nake kamar hannunki na riƙe. Yaya zan bayyana wa Mamman wannan? Shi jini ya gani. Na san tsoro ne ya kawo shi, ban riƙe shi a zuciya ba. Amma me zan yi a Damagaram? In zauna gaban talabijin ina jiran a kira ni cin abinci?

Zanenki na ƙarshe, na tagar ɗakinki, saura kusurwa ɗaya. Ina yi a hankali, ina sa tabarau. Ranar da na kasa ganin layin, ni zan kashe injin da hannuna. Ba wanda zai zaɓar mini ranar.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Mijinki mai taurin kan da kika sani,
Malam Isa