Zuwa ga Isuhu, Mai Sayen Karin Magana

Taubashina Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Na san takardar nan ba mai kai maka ita, ba kuma za ka karanta ba. To amma bakina ya saba da kai. Tun muna yara nake tsokanarka kana ramawa, ga shi ka tafi ka bar ni da magana cike da ciki. Wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Unguwar Adjamé tana nan yadda ka bar ta, yaran motocin haya na gbaka na ta ihun kiran fasinja, ruwan sama na cika kwatocin Bromakoté. Ni ma ina nan Treichville ina zana wa masu aski kawunan da ba su iya askewa ba. Rumfar da kake haya kana sayar da garba, abincin nan na aceken rogo da soyayyen kifi, mai ita ya ba wani mutumin Tawa, sunansa Lawali. Yana da kirki, acekensa ba laifi, amma kifinsa kan ƙone, barkononsa kuma na rowa ne. Na ci ban tsokane shi ba, don ba shi ne taubashina ba.

Bari in ba ka labarinka yadda na gan shi daga gefe, tunda ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna shekarar da damina ta ƙi a gida, 'yan ci-rani suka cika unguwa? Maza ne masu gona da iyali, sai ga su suna neman dako ba su samu. Mutum zai tsaya nesa da rumfarka yana shaƙar ƙamshin kifi, yana waige-waige kamar mai jiran wani. In ka miƙa masa faranti, sai ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya ci. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ya za ka yi da mutumin da ya ce ya ƙoshi?

Sai ka fito da dabararka. Ka ce musu kai mawaƙi ne da kaya suka ƙare masa, kana neman na saye. Duk mai karin maganar garinsu, ko waƙar dakan uwarsa, ko labarin wata rijiya, ya kawo ka saya, farashi faranti ɗaya na garba. Har taya kake yi! Kai ka ce rabin kifi, mai kaya ya ce albarka, ku daidaita a kan kifi guda da ƙarin albasa. Mutum ya ci ya tashi yana sakace, ya yi ciniki, bai roƙi kowa ba.

Abin da ka saya a mako shi kake ɗinkawa ya zama waƙa, ka rera ranar Juma'a bayan la'asar a kan bencin rumfa. Ba kiɗa, ba lasifika, sai wannan murya taka da nake cewa ta fi kama da ƙofar langalanga. Amma Alhazan kasuwar Black Market sukan rufe shago su zo, don kowa na son ya ji an ambaci garinsu. Wanda ya ji sunan kasuwar ƙauyensu a bakinka, washegari sai ga jarkar mai, ko kwandon aceke, ko kwalin kifi. Da su kake biyan masu kawo maka kaya a mako mai zuwa. Har matan ƙabilar Jula masu sayar da ayaba, da ba su jin Hausa, sun iya amshinka:

Yunwa baƙuwa ce, ba 'yar gida ba,
Kowa ya gan ta kar ya ba ta tabarma.

Ka tuna Baba Ali, tsohon ɗan dakon nan na tashar motar Gare de Bassam? Karin magana ɗaya tak ya mallaka a duniya: da babu gara ba daɗi. Ita yake kawo maka duk mako, yana tsallako gada da ita tun daga Treichville. Kai kuma duk zuwan da ya yi sai ka riƙe baki, ka sa shi ya maimaita, ka ce ba ka taɓa jin irinta ba. Ni ina gefe ina maka dariya, ina cewa ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ake sayar wa akuyarsa kullum yana murna ba sai kai.

To ga abin da ban faɗa ba. Ba dariyar raini nake yi ba, Isuhu. Rasa yadda zan yi da abin da ke raina nake yi. Tsakanina da kai ba a saba yabo ba, in na ce ka burge ni za ka ce zazzaɓi ya kama ni. Amma wallahi a duk mutanen da na sani ban ga mai hikimarka ba. Masu bayarwa suna da yawa a garin nan. Wanda zai ba ka ya bar ka kana jin kai ne ka taimake shi, kai kaɗai na gani. Na yi alfahari da kai, kuma na yi kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinka, Alhazai suka ce aikinka ba zai mutu ba. Suka kawo kaya har fiye da da. Lawali ya soya kifi, aka jera farantai, aka sa wani yana shela cewa sadaka ce, kowa ya zo. Ka san wa ya zo? Yara, da waɗanda ko ina aka raba za ka gan su. Mutanenka kuwa ta ɗaya gefen titi suke bi, kansu a ƙasa. Na ga Baba Ali da idona ya wuce, wuyansa ya yi tsawo. Abinci ga shi, masu yunwa ga su, an rasa abin da zai haɗa su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gidanka. Kai ka san ba ka bar komai ba sai littafin addu'a da babbar riga biyu. Matarmu Ramatu tana cikin takaba, ga jikoki biyun da kuke riƙo. An aika mata buhun shinkafa, ta mayar, wai akwai waɗanda suka fi ta buƙata. Na aika matata da cefane, ta karɓi gaisuwa ta dawo da kwanon yadda yake. Maƙwabciyarta ce ta tsegunta mana cewa wani yinin ba a hura wuta a ɗakin. Ka zauna da ita shekaru, ka san in ta ce a'a, an gama. Ya ka so in yi?

Na gwada waƙa, ba zan ɓoye maka ba. Na haɗa baiti biyu na karanta wa matata, ta ce in rufa wa kaina asiri. Sai wata Juma'a ina zaune a bencinka, idona ya sauka kan dogon bangon da ke bayan rumfa, wanda ba komai a jikinsa sai hayaƙi. Na roƙi mai wurin ya bar ni in yi zane a jikinsa, ya yarda. Na tambayi Malam Hamisu na makarantar allo ko ya halatta, ya ce in dai bishiya ce da rumbu da rijiya, in zana abina, ban da mai rai. Na kwaso fenti da buroshi, na sa aka baza cewa Ƙasimu mai zane yana son zana garuruwanmu, amma ya daɗe da barin gida, ya manta kamanninsu, yana sayen kwatance.

Makon farko ba wanda ya kula ni. Na biyu sai ga Baba Ali, wai ya zo ya ga ko ƙarya nake. Ya kwatanta mini rumbun ubansa da tsamiyar ƙofar gidansu, ina zanawa yana gyara mini. Ya nace sai na sa jakinsa. Na tuna maganar Malam, sai na ɓoye jakin a bayan rumbu, wutsiya kaɗai ta leƙo. Ya ce shi ne, ko a mafarki ya gan ta zai gane. Ya ci faranti guda, ya sa aka ƙunsa masa wani, don a cewarsa jaki cinikinsa daban.

Yanzu bangon ya kusa rabi. Ga Madawa, ga Ƙonni, ga Dogon Dutsi. Alhazai na zuwa su tsaya gaban garinsu suna kallo, kaya kuma ba su yanke ba. Bai kai waƙarka ba, bango ba ya amshi. Amma benci ya cika.

Juma'ar da ta wuce Ramatu ta zo, kwanaki kaɗan da fitarta takaba. Ta tsaya ta ƙare wa bangon kallo, sannan ta ce ta ga garin kowa ban da na mijinta, ko kuwa shi ba ɗan gari ba ne? Isuhu, a gindin kukar ƙofar gidanku aka yi mana kaciya tare. Na san reshen da ka faɗo ka karye a hannu. Ko idona a rufe zan zana ta. Na dubi matarka na ce mata wallahi tsufa ya zo, sai dai in za ta sayar mini.

Ta zauna ta fara. Kuka, da rumbun innarka mai hular kara, da turmin da ya tsage, da hanyar rijiya da ta bi ranar da aka kawo ta. Na riƙe baki, na sa ta maimaita. Na taya da mudun shinkafa, ta ce albarka, gidan mijinta ya wuce haka. Muka daidaita a kan buhu da jarkar mai. Da za ta tashi ta ce ba ta kwatanta mini garka da abin da ke bayan gidan ba, sai wani zuwan. Ta dube ni, na dube ta. Da yamma na bi ta layinku, na ga hayaƙi na fita daga madafarta.

Na bar wa gidanku fili babba a bangon, kuma a hankali zan zana shi. Ka ga yanzu ni ake sayar wa akuyata ina murna. Yi dariyarka, ka ci wannan.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ciyar da kai daga abin da ya fi wanda ka ciyar. Sai mun zo.

Naka har kullum,
Ƙasimu mai zane, taubashinka