Ba Zan Rubuta Takardar ba, Hidaya

Zuwa ga Hidaya, ruwan shukata, inuwar gawona a tsakar bazara, sanyin rijiyar da ba ta taɓa ƙafe mini ba.

Yayanki Faruku ya iso jiya da saƙonki. Kin ce in rubuta miki takardar saki. Ni? Da wannan hannun da ya sa 'yarmu Zara a kabari? Wallahi ba zan rubuta ba!

Na san abin da ake faɗa a bakin rijiya. Wai ke wabi ce, wai 'ya'ya ba su zama a bayanki, tunda mun binne biyu kafin Zara. Gwaggo ma ta zaunar da ni, ta ce in bar ki ki huta, ni ma in huta. Na durƙusa na saurare ta har ta gama, sannan na gaya mata hutuna ke ce, ga ki can gidan mahaifinki a Yekuwa, kin kashe salula, ba ki cin abinci.

Shin ke kika saukar wa Zara da zazzaɓin? Ke kika cika hanya da ruwan damina har mota ta kasa shigowa? Ina can, Hidaya. Ni ke kora amalanke, ke kina baya rungume da ita, kina jiƙa mata leɓe da bakin zanenki. Ina ta zabga wa shanun bulala don mu kai likita, har muka hango rufin kwanon garin Mallawa. Sai kika dafa kafaɗata kika ce, "Baban Zara, daina dukansu haka nan." Kina tsakiyar wannan tashin hankali, amma kika tausaya wa dabba. Macen da ta yi haka za a ce in rabu da ita?

Allah Ya karɓi abinSa, na sallama. Amma ke bai karɓe ki ba, kuma bakin mutane ba zai ƙwace mini ke ba. Ya kurciyata, ya zumar farin wata, gidan nan ya yi mini faɗi. Takalmin Zara na roba yana bayan randa, na kasa ɗauka, na hana kowa taɓawa. Ki zo mu ɗauke shi tare, mu yi kukanmu a ɗakinmu. Ko Allah Ya sake ba mu haihuwa ko bai ba mu ba, ke na aura.

Na nome miki gayaunarki, waken ya fara fure. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo. In kin ƙi fitowa, zan zauna a zauren Baba har la'asar, in koma gida, wata Juma'ar in dawo. Sai dai tabarmarsa ta gaji, ba ni ba.

Mijinki a yau, mijinki har ranar da za a kai ni kusa da 'ya'yanmu,
Mutari