Kada a Yanka Jan Zakara

Yaya Illo,

In ka dawo daga gona ba za ka tarar da mota ƙarƙashin tsamiya ba. Ba sace ta aka yi ba, tashi ta yi.

Jiya a gaban mutane ka ce tsohuwar ta mutu, a nemi raƙuma su kai hatsin zuwa garin Gabi. Kawu Yaro ya ce iskokin tsamiya suka riƙe ta, sai an yanka jan zakara. Na yi shiru ne don kun girme ni.

Da ruwa ya ɗauke da hantsi, na buɗe injin. Laima ce ta shiga delko, inda wuta ke rabuwa, buji ma, masu ba injin tartsatsi, duk sun jiƙe. Na ɗumama su bisa kaskon tuyar matarka, na goge da rawanina, na mayar. Juyi uku na yi mata da ƙarfen tayarwa, ta yi tari, ta kama. Na loda hatsin, zan kai shi Gabi.

Ka ba Yaya Dije haƙuri, kaskonta na warin mai. Zan taho mata da sabo.

Zakara kuwa kada wanda ya taɓa shi. In Kawu ya matsa, ka ce mishi na ga iskokin nan da idona cikin delko. Ko cokali ba su cika ba.

Ƙanenka,
Ɗanjuma